Sallama Uku da Rigar Baba Dikko

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da ya halicci wuta ya ajiye mana ita a murhu tana yi mana bauta, ya kuma halicci ruwa don ranar da za ta manta matsayinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban wanga taro, Alhaji Rufa'i Ɗangiwa, wakilan iyayenmu iyayen ƙasa na Tambuwal da na Kebbe, Allah shi ja zamaninku, malamanmu fitilun garuruwanmu, Allah shi ƙara muku lafiya, jami'an kwana-kwana da sunka yi sammako tun daga Sakkwato, sarakunan kasuwanninmu, 'yan kabu-kabu da 'yan ga-ruwa, iyayenmu mata da ke rumfar gabas, 'yan'uwana 'yan sa kai masu kashe gobara, da dukkan jama'ar da sunka bar gona da shago sunka zo: Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nu'umanu, tela ne ni a kasuwar Tambuwal. In akwai wanda ɗinkinsa ke hannuna a cikin wanga taro, ya yi haƙuri, gobe ne in sha Allahu. 'Yan'uwana sun ɗora mani yin magana yau, ranar da muke ƙaddamar da ƙungiyarmu, ba don na fi su sani ba. Sun ce tun da baki na iya ba mutum haƙuri ranar jajibirin Sallah har ya tafi yana sa mani albarka, to babu taron da zai gagare shi.

Godiya tukuna. Muna gode wa shugaban taro da ya tsaya mana tsayin daka. Muna gode wa jami'an kwana-kwana da ba su raina mu ba, ba su ce mana 'yan bokiti ba, ko da yake 'yan bokitin ne mu. Muna gode wa 'yan kabu-kabu, waɗanda in anka ce wuta sukan sauke fasinja a tsakiyar hanya su ɗauke mu, su bar shi yana faɗa. Muna gode wa 'yan ga-ruwa: duk gobarar da munka kashe a cikin gari, da ruwan wani bawan Allah munka kashe ta, wanda ya turo kura tun safe don ya samu na tuwo, ya juye mana shi bai tsaya ciniki ba. Iyayenmu mata kuwa, tulun da kunka fasa a guje tsakanin rijiya da wuta, Allah kaɗai ya san yawansu, shi kuma zai biya ku.

Akwai godiya ta musamman ga Malam Sharifuddeen, da ke zaune nan gaba, domin ya yarje mani in faɗi wani labari da ya shafi cikin gidansa. Da bai yarda ba, wallahi ko da wuƙa a wuyana ba ku jin sa daga bakina.

Baba Dikko, na gan ka. Can ƙarshen rumfa, bayan masu sayar da rake, ka ja hula har gira. Maiɗakinka Gwaggo Marka ta ce mani da ƙyar ta fito da kai daga Fakku, kuma in na ga ka yunƙura za ka sulale, in kira sunanka a lasifika. To na riga na kira. Don Allah zauna, Baba.

Magana ta farko: su wa ne mu? Mu ba ma'aikata ba ne. Babu wanda ya ɗauke mu aiki, babu kuma mai iya korarmu. A cikinmu akwai tela, akwai mahauci, akwai mai faci, akwai malamin makarantar boko, akwai manoma masu yawa. Abin da ya haɗa mu guda ne: in anka yi kururuwa, ƙafarmu gaba take yi, ba baya ba. Ban ce jarumta ce ba, uwar 'ya'yana ma cewa take wani irin ciwo ne. Motar kwana-kwana tana zuwa, Allah shi saka musu da alheri, amma nisa nisa ne. Kafin mota ta kai wata tungar da ko babur sai ya yi addu'a yake shiga, wuta ta ci rumbu ta suɗe hannu. A wanga tsakani mu ne a wurin, da bokiti, da jiƙaƙƙen buhu, da ɗanyen reshen dogon yaro, da shebur, da ƙugiya. Ƙugiya, ga waɗanda ba su taɓa riƙe ta ba, doguwar gora ce da lanƙwasasshen ƙarfe a kai. Da ita ake fizgo jinkar ɗakin da ta kama, a kayar da ita ƙasa tun ba ta miƙa wa maƙwabciyarta ba.

Wanda ya koya mana riƙon ƙugiya kuwa, shi ne wancan dattijon da ke ɓoye fuska. Baba Dikko mai jinka ne, daga Kebbe har Dogon Daji da wuya ka samu unguwar da babu ɗakin da ya baibaye. Wanda ya ɗaura jinka shi ya san inda za a ja ta ta biyo. Shekarun baya da wuta ta tashi a layinmu na teloli, ina tsaye ina salati ina kallon shagona, sai na ga wani siririn mutum ya shige cikin hayaƙi ya fito da kan kekena a rungume kamar jinjiri. Ya dire shi a gabana ya ce, "Kai, riƙe abincinka, ka ɗauko bokiti, kuka ba shi kashe wuta." Tun ranar nake bin sa. Da na farfaɗo, ɗinkin farko da na yi a kan keken nan babbar riga ce mai ruwan bula, na zauna na yi mata aiki a wuya da hannuna, na kai mishi. Ya ƙi karɓa, ya ƙi, ya ƙi, sai da na ce zan yanka ta in yi wa yara huluna. Ku riƙe zancen rigar nan, za mu komo gare ta.

Magana ta biyu. Tun da munka fara zancen ƙungiya, muke jin ƙorafi, kuma daga bakin mutanen kirki. Sun ce, "Aikin lada ne, me ya kawo ƙungiya? Yau ƙungiya, gobe kaki, jibi albashi, gata yajin aiki." Haba jama'a! Yajin aiki? Wa za mu yi wa, wuta? Mu zauna gindin bishiya mu aika mata cewa sai an biya mana buƙatunmu? Ba mu neman albashi. Ladan da muke nema yana nan inda yake, ƙungiya ba ta rage shi da ƙwayar gero. Gaskiya ne muna son horo, muna son takalman da ba su narkewa a ƙafa, muna son in ɗayanmu ya ƙone kada a bar iyalinsa su kaɗai da jinya. Amma ko waɗannan ba su ne sunka tashe mu tsaye ba. Abin da ya tashe mu shi ne magana ta uku, kuma ita ce mai tsawo, ku gyara zama.

Bara, bayan an gama kai amfanin gona gida, wata Juma'a munka taru a Jabo ɗaurin auren ɗaya daga cikinmu. Kowa ya ci ado, Baba Dikko yana cikin rigarsa mai ruwan bula. Ana shafa fatiha sai ga hayaƙi ya miƙe daga wata tunga bayan gari. Ba mu tsaya goro ba. Wasu sunka haye babura sunka nufi hayaƙin, ni da wasu munka ratse wurin famfo don cika jarkoki. Gidan Malam Sharifuddeen ne, a bakin tungar. Mazan wurin duk suna Jabo wajen Juma'a, Malam kuma ya tafi ta'aziyya Dogon Daji tun safe. Wuta ta tashi daga madafi, ta kama karan da anka jingine, ta haye ɗakin maiɗakin Malam. Matan maƙwabta duk sun ruga rijiya. A cikin gida saura maiɗakin Malam, da 'yarta, da mahaifiyar Malam, Inna Atu, wadda ƙafa ta daina ɗaukarta tun tuni.

To, 'yan'uwanmu sunka isa ƙofar zaure. Gidan malami, gidan matan aure, babu namiji a ciki. Me kuke zato sunka yi? Sunka cire takalma. Wallahi sunka cire takalma! Kamilu mai faci, ga shi nan yana sunkuyar da kai, shi ne a gaba. Ya gyara murya ya ce, "Salamu alaikum." Shiru, sai ƙarar kara yana fashewa. Ya ƙara. Shiru. Ya yi ta uku. Sannan ya juyo ya dubi sauran, hawaye na zuba, bokiti a hannunsa, ya ce, "Na yi ukku ba a amsa ba. In anka yi ukku ba a amsa ba, ai komawa a kai."

Ku yi dariya, shi ma yanzu yana yi. Amma ku sani ba tsoro ne ya tsayar da Kamilu ba. Na ga yaron nan ya shiga shagon fetur yana ci. Tarbiyya ce ta tsayar da shi, irin wadda iyayenmu sunka ba mu dukanmu, kuma ba mu da abin da ya fi ta. A ciki ma ita ce ke aiki. Maiɗakin Malam, baiwar Allah, tana bakin aikin tuwo wuta ta tashi, mayafanta da na 'yarta duk suna ɗakin da ke ci. Sun ja tsohuwa sun kasa ɗaga ta. Da sunka ji muryar maza a zaure, maimakon su amsa, sai sunka ja da baya sunka raɓe jikin katanga. Na waje suna jiran izini, na ciki suna jin kunyar bayarwa, wuta kuwa ba ta jiran kowa, har ta fara lasar jinkar ɗakin Inna Atu.

Sai ga Baba Dikko, babur ɗin da ya ɗauko shi ya yi faci a hanya, da ƙafa ya ƙaraso. Ya dubi zaure ya ga mutane sun cika shi ba takalma. Ya zaga baya, ya ɗaga murya ya ce, "Salamu alaikum, namiji za shi shigo!" Bai jira amsa ba ya kama katanga ya dira. Ya tuɓe rigar nan ya miƙa ta baya, fuskarsa na kallon ƙasa, uwa da 'ya sunka lulluɓa da ita su biyu, don kun san ɗinkina ba ni ƙwauron yadi. Ya shiga ɗakin tsohuwa ya goyo ta. Daidai lokacin na iso da jarkoki, kuma abin da idona ya gani ke nan: Baba Dikko ya fito ta zaure daga shi sai 'yar shara, gemu ya babbake gefe guda, Inna Atu a bayansa ta riƙe wuyansa tana cewa, "Sannu ɗan nan, sannu, kada ka yar da ni." Ya sauke ta a inuwa, ya karɓi ƙugiya, ya koma. Ɗaki biyu sunka tafi, ɗakin littattafan Malam ya tsira, ba a rasa rai ba.

Da a ce labarin nan ya ƙare, da ban tsayar da ku a rana ba. Amma magana zarar bunu ce. Kafin Baba ya koma Fakku, zance ya riga shi isa, kuma a hanya ya yar da tsohuwar da anka goyo, ya yar da wutar ma, abin da ya isa kawai shi ne Dikko ya tsallaka katangar gidan malami maigida ba ya nan. Babu wanda ya kai shi ƙara, babu wanda ya tare shi ya faɗa mishi a ido, da ma an yi haka da ya fi sauƙi. Sai dai Gwaggo Marka ta shiga gidan suna mata su yi tsit. Sai dai wani shaƙiyyi ya ce, "A ƙara wa katanga tsawo, ga Dikko nan tafe."

Ku tuna sana'arsa. Mai jinka a sama yake aiki, daga inda yake zaune yana iya ganin tsakar gida uku. Abin da yake ci da shi ba igiya ba ce, ba ciyawa ba ce, amana ce. Tun ina yaro ake barin Baba Dikko a kan ɗaki maigida ya tafi kasuwa hankali kwance, don an san idonsa ba ya wuce inda hannunsa yake. Sai ga shi da furfurarsa, wani maigida da Baba ke yi wa gidansu jinka tun zamanin ubansa ya aiko mishi cewa a dakata da aikin sai ranar da yake gida. Wannan ita ce ta karya shi.

Malam kuma bai ce komi ba. Baba ya ɗauki shirun nan fushi ne. Ya rataye ƙugiya a bayan rumbu, ya daina zuwa Tambuwal ranar kasuwa.

Da azumin bana Gwaggo Marka ta zo shagona. Ba ɗinki ta kawo ba. Ta zauna bisa benci ta ce, "Nu'umanu, ƙugiya ta yi tsatsa, mai ita ma tsatsa shikai. In anka yi kururuwa shi kan zabura har ƙofa, sai shi tsaya, shi komo shi zamna. Rannan rumbun maƙwabcinmu yac ci wuta, shina tsaye daga nesa shina gaya ma iska inda za a ja. Ranar ko ruwa bai sha ba sai da nir roƙe shi. Ku da kunka ce ubanku ne, haka za ku bar mani shi?"

Jama'a, raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yanzu in na tuna yana ɓaci. Na tara 'yan'uwa, kowa ya yarda mafita ɗaya ce, a je a ji ta bakin Malam. To wa zai je? Ni tela in tafi ni kaɗai in zauna gaban malami in ce, Allah gafarta Malam, zancen iyalinka ya kawo ni? Da wane matsayi? Kamilu ya je? Mahauci ya je? Kowannenmu in ya tafi shi kaɗai, shisshigi ya yi, kuma ya ƙara wa zancen gishiri. A nan munka gane inda muke da rauni. A gaban wuta muna da yawa, amma in wuta ta mutu kowa ya kama gabansa, wanda abu ya faɗa wa shi kaɗai zai ɗauka. Baba, kai ka fi kowa sanin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ban taɓa ganin ka ɗora ta ba ka kira mutane ba. Ta yaya munka bar ka da wagga kai kaɗai? Ranar munka ce sai ƙungiya. Mutum ɗaya ba ya tunkarar malami da irin wagga magana, amma wakilan ƙungiya suna iya zuwa gaisuwa da rana tsaka, kowa na gani, babu mai cewa komi.

Aikin farko da ƙungiyar nan ta yi ke nan, tun ba ta da suna. Munka tafi. Munka sa Kamilu ya yi sallama, kuma ina shaida muku tun ta farko anka amsa. Da munka faɗi abin da ke tafe da mu, Malam ya saurare mu har ƙarshe. Sannan ya ce, "Inna lillahi. Ni na yi shiru ne don zancen shi mutu, na ga in na tanka na ƙara mishi itace. Kuma da wane ido zan dubi mutumin da ya goyo uwata ni ina wani gari? Duk da haka na aika Fakku a kira mani shi, anka ce ba shi nan." Da na bincika wurin Gwaggo Marka, ashe yana nan. Jin an ce ga ɗan aiken Malam, sai ya zaci sammaci ne, ya bi ta bayan gida ya shige gona, bai komo ba sai da ya tabbata baƙo ya tafi. Kun ji fa. Dattijai biyu, kowane yana jin nauyin ɗan'uwansa, sun shekara suna gudun juna. Wallahi ina son mutanenmu, amma wani lokacin kunyarmu sai ta sa ka riƙe baki.

Magana ta huɗu gajera ce, abin da munka yanke. Mun roƙi malamanmu, kuma sun amsa, cewa za su faɗa a kan mumbari da wuraren karatu abin da sunka fi mu sani: ceton rai yana gaba, ranar gobara sallama ɗaya ce da ƙarfi, a shiga. Malam Sharifuddeen ya ce shi zai fara, yau, a nan. Sannan daga yau duk ɗan ƙungiyar nan, a cikin kayan aikinsa, tare da buhu da igiya akwai babban mayafi a naɗe, don kada wata baiwar Allah ta sake tsayawa zaɓe tsakanin ranta da suturarta. Mun riga mun ɗinka su, kuma wanga karo ban ce gobe ba. Mun kuma buɗe ɓangaren mata, waɗanda za su riƙa shiga gaba inda hali ya yi, Gwaggo Marka ce shugabarsu, don mun ga in ta sa abu gaba sai ya yiwu. Na ƙarshe, duk ɗan ƙungiyar da anka taɓa sunansa saboda aikin ceto, ba shi zai amsa ba, mu za mu amsa, da bakinmu ɗaya. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ya shafa wa nasa ruwa, haka anka ce. Mu mun ƙara da cewa ya fara zuba wa na ɗan'uwan.

Ga masu zancen katanga, ba ni kiran suna, wasunku na nan kuma ina yi muku ɗinki. Tambaya ɗaya nake yi muku: ranar da uwarka ke cikin ɗaki jinka na ci, kai kana Dogon Daji, wa kake so ya iso ƙofarka? A bar zancen nan haka, don Allah. Ya isa.

Saura kujera guda a ƙungiyar nan da ba mu cike ba, ta jagoran aiki, wanda in an isa gaban wuta shi ke cewa a ja nan, a bar can. Mun zaɓi shugaba, mun zaɓi sakatare, wagga kuwa babu wanda ya yarda ya zauna a kai, don kowa ya san mai ita.

Baba Dikko, ranar da munka je wurin Malam, za mu tashi sai anka ce Inna Atu na kiran tela. Na shiga, da izini. Ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin matashinta. Rigarka ce. Ta sa an wanke ta, kuma duk inda tartsatsi ya huda ta bi shi da allura da hannunta, da idon nan nata da ba ya gani sosai. Ta ce in duba mata ko ɗinkin ya yi. Jama'a, ni tela ne, ba ni yi muku ƙarya a kan sana'ata: ɗinkin bai yi ba. Zaren fari ne a kan bula, wani wurin ta haɗa gaba da baya. Na ce mata in tafi da ita in gyara. Ta fizge abinta ta ce, "Kai dai duba nac ce, ban ce ka taɓa ba." Ta ce kullum Juma'a sai ta sa an fitar da ita an kakkaɓe, ko mai ita zai zo karɓa.

Rigar tana nan wurin Malam. Baba, in ka taso... A'a. Allah gafarta Malam, zauna, ai shi zai zo. To. Malam ya ce shi zai je. Jama'a ku buɗa hanya, ku ba Malam hanya. Masu rake, a janye baro. Kamilu, ƙugiyar na ƙarƙashin tabarmar Gwaggo Marka, ita ta ɓoyo ta a motar da sunka zo, karɓo ka bi bayan Malam.

Baba, kafin ya iso gare ka, ga saƙon Inna Atu, ta ce in faɗa a gaban mutane yadda ta faɗa, kada in gyara shi kamar yadda na so gyara ɗinkinta. Ta ce: "Ku gaya ma Dikko, ni nag goyi Malam, shi kuma yag goye ni. Wanda yag goye ni ba baƙo ba ne a gidana. In ya zo shi yi sallama guda don lada, kada shi tsaya jiran amsa."

Kada ka durƙusa, Baba, ga Malam na ɗaga ka. Karɓi. Sa ta mu gani.

Allahu akbar. Ta zauna. Har yanzu ta zauna, farin zaren ma ya yi mata kyau, na janye maganata. Ku yi mani haƙuri jama'a, wani abu ya shiga idona. Kamilu, miƙa mishi ƙugiyar. Ku duba, ya karɓa, har yana duba bakin ƙarfen yana girgiza kai. Na sani Baba, ta yi tsatsa, gobe ka zo ka yi mana faɗa a kai, mun yi kewar faɗan.

Mai girma shugaban taro, kujera ta cika, ƙungiya ta tsaya.

Ya Allah ka tsare garuruwanmu da gobara, ta kasuwa da ta gida da ta daji. Ka tsare rumbunanmu da abin da ke cikinsu. Ka tsare bakunanmu daga cin naman wanda ya taimake mu. Ka bar mana kunyarmu, ka kuma ba mu sanin ranar da za a ajiye ta a ƙofa tare da takalma. Allah shi ƙara wa Inna Atu lafiya, shi sa ta gama da duniya lafiya. Allah shi saka wa Malam da iyalinsa, shi saka wa Gwaggo Marka, shi ƙara wa Baba Dikko ƙarfin hannu. Waɗanda sunka riga mu gidan gaskiya, Allah shi jiƙansu. Waɗanda sunka zo daga Kebbe, da Fakku, da Jabo, da Dogon Daji, da Sakkwato, Allah shi mai da kowa gidansa lafiya, shi tarar da murhunsa yadda ya bar shi.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.